Magina da Doguwar Kujera

Ranar Litinin

Zuwa ga Dogo, likitan shanu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka, da yara, da sauran majinyatanka masu ƙafa huɗu. Yaya gwiwar nan taka mai hasashen ruwan sama? Mu nan da sauƙi, kamar yadda aka saba faɗa, amma zan dawo kan wannan sauƙin.

Bayan haka, ina mai sanar da kai, da duk wanda abin ya shafa, cewa daga jiya doguwar kujerar falonmu ta sauka daga muƙaminta. Bayan shekaru tana ɗaukar nauyin baƙi ba ƙorafi, an yi mata ritaya zuwa ɗakin ajiya, tsakanin tsohuwar fanka da keken ɗinkin da ya daina ɗinki. Ni na ja ta da kaina, ƙuguna na nan yana ba da shaida.

Na san za ka ce Ƙamus ya fara taɓuwa. Saurara tukuna. Da na kira ka a waya, amma ka san ban iya taƙaita magana ba, kai kuma ba ka iya saurare ba tare da ka katse mutum ba. Takarda ba ta katse kowa.

Gwamnati ce ba ta da lafiya. Maiɗakina nake nufi, kai ka laƙaba mata sunan tun ranar da ta hana mu fita kallon ƙwallo. Watannin baya ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, mai tauri kamar tsakuwa. Ta ja bakinta ta yi shiru, irin shirun shugabar makaranta wadda ta saba ita ke tambaya, ba a tambayarta. Sai da na lura da yadda take dafe gefen ƙirjinta in za ta sunkuya na matsa mata. Muka je asibiti, aka ɗebi ɗan tsoka da allura aka kai ɗakin gwaji. Sankara ce. Ka ga na rubuta, hannuna bai karye ba. Faɗinta da baki ne har yau ban iya ba.

Likitar yarinya ce, sa'ar ɗalibaina na farko, amma ta san aikinta. Ta ce za a fara da magani ta jijiya na wasu watanni don ƙarin, wato ƙullutun, ya motse, sannan a yi tiyata, kuma mai yiwuwa a cire maman gaba ɗaya. Gwamnati ta saurara kamar tana taron malamai, ta yi godiya, ta ce za ta yi tunani. Har yanzu tunanin take yi. An ba mu ranar fara magani, ranar tana matsowa, ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ni kuma, ka san halina, sai na tambayi likitar abin da ya sa ƙullutun ke da tauri haka. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta nuna mini hoton ɗan tsokar nan da aka ƙara wa girma. Na zaci zan ga dodo. Sai na ga wasu ƙananan tsibirai masu duhu, an nannaɗe su da zare mai ruwan hoda kamar ƙullin ulu. Tsibiran su ne sankarar. Zaren kuwa, in ji ta, aikin wasu ƙwayoyin jiki ne na halal, waɗanda kowa ke da su, ana ce musu faibiroblas. Ni na sa musu suna magina. In wuƙa ta yanke ka, su ke rugowa su ɗinke wurin, su bar maka tabo. Masu son taimako ne. To sankara takan yi musu kukan rauni, su taho da gudu da niyyar gyara, sai ta riƙe su. Su gina mata gida, su jawo mata hanyoyin jini, su ciyar da ita, in za ta yaɗu su share mata hanya. Raunin ba ya warkewa, su kuma ba sa tashi daga aiki. Taurin da hannu ke ji, yawancinsa gininsu ne.

Dogo, tun ina da gashi a ka nake koya wa yara tarihi, ban taɓa karanta labarin birnin da aka ci ba tare da wani na ciki ya zare sakata ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Da wannan tunanin na dawo gida na tarar da falo maƙil. Goggo, ƙanwar mahaifin Gwamnati, ta kafa sansani a tsakiyar doguwar kujera, da wata baƙar jaka da ba ta rabuwa da ita ko alwala za ta yi. Ga Auta, ƙanwar Gwamnati, ga maƙwabta. Da kunnena na ji wata tana ba da labarin wadda aka yi wa tiyata ba ta farka ba. Ina shiga sai Goggo ta jawo jakar ta danne da gwiwar hannu. Ba sai an faɗa mini abin da ke ciki ba, saiwoyi ne da ƙulle-ƙullen garin magani. Nan take na gane abin da nake kallo: ga ƙari, ga magina. Sun zo taimako, suna ciyar da tsoro.

Shi ya sa kujera ta tafi. In babu wurin zama, babu dogon zama.

Ka rubuto mini abin da ka sani game da maginan nan, in shanu ma suna da su. Ka gaida gida.

Naka,
Ƙamus

Ranar Alhamis

Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, wasiƙarka ta iso, na gode da addu'a. Na kuma gode da hikimar turke da ka aiko, wai saniyar da aka ware daga garke ba ta cin ciyawa. Ina tunatar da kai cewa matata shugabar makaranta ce, kuma in ta ji ka kwatanta ta da saniya, gwiwarka mai lafiyar ma sai ta fara hasashen ruwa.

Labarin kujera kuwa, ban ji daɗin sakamakon ba. Na manta cewa mata sun riga kujera zuwa duniya. Washegari Auta ta iso da darduma a naɗe a hammata, aka baje a ƙasa, har an fi sakewa. Da zaman ƙasa ya ishi Goggo sai ta ɗauki jakarta ta shige ɗakin kwana, sauran suka bi ta, aka turo ƙofa. Wato na kore su daga bakin ganuwa, na shigar da su fada.

Don haka na sake dabara. Na ɗauki hutu a makaranta, na fito da kujerata ta karatu na dasa a bakin ƙofar gida, da littafi a hannu. Duk wadda ta zo sai in miƙe da ladabi in ce mai jiki ta samu barci, likita ya ce a bar ta ta huta. Rabin maganar gaskiya ce, takan yi barci wani lokaci. Maƙwabta ba su yi gardama ba. Auta ta kira ni maigadi, ta tambaye ni nawa ake biyana a wata, ta miƙo mini kwanon da ta kawo ta juya. Goggo ce ta tsaya. Ta dube ni tun daga takalmi har sanƙo, ta ce yau ɗin nan musamman akwai abin da ta zo nuna wa 'yarta. Na ce ai mun gode, amma an hana haɗa maganin asibiti da wani. Ta dubi jakarta, ta dube ni, ta ce, “Malam, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.” Ta tafi a hankali, ba ta waiwayo ba. Tun ranar ba ta dawo ba, sauran ma sun ɗauke ƙafa.

Na ci gaba da karatu. Na samo rubuce-rubucen masana, ina bi da ƙamus a gefe, ni da ake kira Ƙamus. Ashe abin ya fi yadda na zata. Ginin da maginan nan ke yi yakan yi kauri har ya matse hanyoyin jini, maganin da aka ɗura a jijiya ya zo ya kasa kutsawa ciki sosai. Sojojin jiki ma, waɗanda aikinsu ne su kashe baƙuwar ƙwaya, sukan iso bakin katangar a mayar da su. Ka ji fa, Dogo: mai gadi ne na gari, tsaye a bakin ƙofa, yana korar masu kawo ɗauki, kuma a ransa aikin alheri yake yi. Na karanta wa Gwamnati wannan wurin da babbar murya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in rage mata fanka.

Ba ta yi mini faɗa a kan korar 'yan uwanta ba, kuma wannan ne ke damuna. Matar da ke iya yin huɗuba a kan cokali ɗaya da aka bari a kwatami, yanzu sai ta ce to. Abinci take taɓawa ta ture. Ni kuma na kasa zama. Na sake jera littattafaina bisa tsayi, na rushe, na jera bisa shekaru. Na gyara famfon da bai lalace ba, yanzu yana ɗiga. Ka tuna tabon ƙaurina, na ranar da muka haura katangar makaranta? Jiya na zauna ina harararsa. Shekara da shekaru ina ɗauke da aikin maginan nan a ƙafata, ban san za su iya cin amana ba.

Jibi ne ranar asibiti. Gidan ya yi shiru yadda nake so, babu mai zuga ta. Na tabbata za ta tashi ta shirya.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Ƙamus

Ranar Asabar

Dogo,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi.

Ba ta je ba. Ta yi wanka, ta sa tufafinta, har ta sa takalmi. Na kira tasi yana jira a waje. Na dawo ɗaki na tarar ta zauna a bakin gado tana cire takalmin, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su kamar na ɗalibar da za a duba. Na yi lallashi, na yi roƙo, daga nan na koma abin da na iya. Na kawo mata alƙaluman masana, na ce yawancin waɗanda aka tari nasu a wannan matakin suna samun lafiya, na ce duk jinkiri ƙarin lokaci ne ga magina. Ta bari na gama, don ita ba kai ba ce. Sannan ta ce, “Kai ka karanta ciwon, ni ke ɗauke da shi. Akwai abin da nake son tambaya, ba ya cikin takardunka.” Na ce ta tambaye ni. Ta juya ta fuskanci bango.

Na sallami mai tasin, sai kuma na tsayar da shi na shiga ni kaɗai, don zaman gidan ya gagare ni. Na je na ba likita haƙuri. A layin jira na zauna tsakanin mata, ni kaɗai namiji, ni kaɗai kuma ba rakiyar kowa na yi ba. Kowace da wadda ta riƙe mata jaka.

Da na shiga, don in rufe kunya sai na jawo zancen ilimi. Na ce, tunda an san maginan nan su ke wa ƙari hidima, me zai hana a nemi maganin da zai share su kaf? Ta yi murmushi ta ce masana sun riga ni wannan tunanin. An gwada a jikin ɓeraye, a wata irin sankara, aka kawar da maginan, sai ciwon ya ƙara ƙamari, ya fi saurin bazuwa. Ashe ba duka ne maciya amana ba. Wasu suna ciyar da ƙarin, wasu kuma su ne ke riƙe da shi kada ya fantsama, kuma a ido kamarsu ɗaya. Ta ce aikin da ake fama da shi yanzu shi ne a rarrabe su, ko a shawo kan waɗanda suka ɓata su koma aikinsu na asali. Ta ƙara da cewa in an yi wa matata tiyata, su ɗin nan dai za mu roƙa su rufe mata wurin.

Sai ta ajiye biro ta tambaye ni wa ke zama da mai jiki a gida. Na gyara zama na ce ni, ni kaɗai, na sallami kowa don ta samu natsuwa. Ban san abin da ke cikin wannan amsar ba, amma yarinyar nan ta dube ni ta saman tabarau irin kallon da nake wa yaron da ya rubuta shafi uku a kan tambayar da ba a yi masa ba. Ta ba mu wata ranar, ta ce kada wannan ta wuce.

Kada ka rubuto mini komai a kan shanu. Ina jin ka daga nan.

Gobe zan je gidan Goggo. Ban san me zan ce ba, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba.

Naka,
Ƙamus

Ranar Laraba

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gwiwa ta lafa, iyali kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Mai jiki tana gaishe ka, ta ce a gaya maka maganar saniya ta iso kunnenta, za ku haɗu.

Na je gidan Goggo. Ta amsa sallamata, ta amsa gaisuwata, ta bar ni a tsaye a tsakiyar falo, ga kujeru reras har da masu matashi. Da ta ga ina satar kallonsu sai ta ce in yi haƙuri, su ma nasu sun yi ritaya. Na shirya jawabi a hanya mai gabatarwa da kammalawa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, ba ta je asibitin ba. Goggo ba ta ce ai ta faɗa ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauko baƙar jakar ta miƙo mini ta ce in riƙe. Dogo, jakar ba ta da nauyi ko kaɗan. Duk hanya ina jinjina ta ina neman saiwoyina.

Muna isa ta karɓe, ta shige ɗakin kwana ta rufe ƙofa. Na zauna a falon da babu wurin zama, wato a kan dardumar Auta. Na kasa kunne. Na ji kuka. Can kuma sai na ji abin da na manta rabon da in ji a gidan nan, Gwamnati tana dariya har da tari.

Da yamma, bayan Goggo ta tafi, ita da kanta ta kira ni ta faɗa mini, kuma ta yarda in faɗa maka kai kaɗai. Ashe Goggo ta bi ta wannan hanyar tun muna samari. An cire mata mamanta na dama. Daga marigayi mijinta sai mata biyu uku suka sani, mu maza muna ta gaishe ta shekara da shekaru ba mu ga komai ba, don ba a kallon suruka. Abin da ke cikin jakar kuwa auduga ce da ƙyalle da allura. Ita ke ɗinka wa kanta abin da take sawa a rigar mama ya cike gurbin, kuma ta fara ɗinka wa 'yarta nata, tana gwada girma a ɓoye. Makonnin nan da na ɗauka zuga ake yi, tambayoyi ake amsawa: yaya ake kwanciya, yaya ake ɗaga hannu, gashi yana dawowa, yaya mutum ke kallon madubi ranar farko. Maƙwabciyar nan mai labarin wadda ba ta farka ba, Goggo ce ta fatattake ta tun kafin in fito da kujerar gadina. Ranar da na tare ta a ƙofa, ranar ce ta yi niyyar buɗe ƙirjinta ta nuna wa Gwamnati tabon, don gani ya kori ji.

Ta nuna mata. Gwamnati ta ce layi ne siriri, fari-fari, a kwance lafiya kamar ɗinkin gwani. Na buɗe baki zan ce aikin magina ke nan, sai na tuna na rufe.

Na tambaye ta tambayar da ta ce ba ta cikin takarduna. Ta ce ta tambayi Goggo ne ko marigayi mijinta ya ci gaba da kallonta bayan an yi mata tiyatar. Na ce me Goggo ta ce. Ta ce Goggo ta ce wannan ba ita za a tambaya ba. Dogo, tun da aka faɗi sunan ciwon nan nake kallon hotuna da takardu da ƙofar gida, ban zauna na dubi matar ba. Na dube ta. Abin da na faɗa mata ba na wasiƙa ba ne, kuma gajere ne, za ka yi mamaki.

Jiya aka ɗura mata magani na farko. Goggo a dama, Auta a hagu, ni a baya da jakunkuna, an ba ni muƙamin da ya dace da ilimina. Ta galabaita, tana fama da tashin zuciya, kuma tafiyar da sauran nisa, likita ba ta ɓoye mana ba. Har yanzu ina zagaye gida ina taɓa abubuwa. Amma ta sa takalmin da kanta, ba ta cire ba.

Doguwar kujera ta koma bakin aiki. Wajen fito da ita ta maƙale a ƙofar ɗakin ajiya, sai da Auta ta kama ɗaya gefen tana tambayata ko wannan ma a littafi na karanta. Yanzu haka Goggo na zaune a kanta tana ɗinki, ta aike ni in sayo zare.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka shafa mini kan shanun. Maganarka ta garke gaskiya ce, ni ne na yi kuskure. Kada abin ya hau maka kai.

Naka har kullum,
Ƙamus